Tsagar Haɓa da Tiyatar Mayar da Fuska ta Mace

Ɗora yatsa a tsakiyar haɓarka, ka danna har ka ji ƙashi. Yawancin mutane za su ji wurin a cike, sumul. Wasu kuwa yatsan zai faɗa cikin ɗan kwari. Na wani zagayayye ne ƙarami, na wani doguwar tsaga ce da ta raba haɓar gida biyu, na wani kuma ba ya fitowa sai haske ya bugo daga sama. Wannan ita ce tsagar haɓa. Ba ciwo ba ce, ba ta hana ci, ba ta hana magana, kuma mutum yana iya tsufa bai taɓa tsayawa ya dube ta ba.

Amma akwai waɗanda take hana barci. Matan da suka sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa maza suka koma rayuwa a matsayin mata, sukan daɗe a gaban madubi suna neman abin da yake sa baƙo ya yi musu kallon namiji tun ba su buɗe baki ba. Mai tsaga a haɓa takan ɗora wa tsagar laifi, don ita ce ta fi saurin shiga ido. A asibitocin Amurka, Turai da Tailan da suke yin tiyatar mayar da fuska ta mace, wadda ake taƙaitawa da FFS, tambaya a kan tsagar tana yawan zuwa. Amsar da ƙwararre zai bayar kuwa ita ce, galibi ba a tsagar gizo ke saƙa ba. Ƙashin da take zaune a kai shi ne abin dubawa: tsawonsa, faɗinsa da kusurwoyinsa.

Matsayin addini da na doka game da sauya jinsi a ƙasashenmu sananne ne, kuma ba shi ya kawo mu ba. Abin da ke gabanmu aikin likita ne, yadda ake yin sa da inda yake ɓaci. Aikin kuma ba na rukuni ɗaya ba ne. Yankan da za a bayyana nan gaba shi ne dai wanda likitocin muƙamuƙi da fuska suke yi wa wanda aka haifa da haɓa a karkace ko a shige, ko wanda ya yi hatsari ƙashinsa ya warke ba daidai ba.

Daga ina tsagar take fitowa

Jariri ba ya zuwa duniya da muƙamuƙin ƙasa guda ɗaya. Ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiya, sai su manne su zama ƙashi ɗaya wajen cikar shekararsa ta farko. A wasu mutane mahaɗar takan bar ɗan gurbi a bakin ƙashin. A kan ƙashin kuma akwai wata tsoka da likitoci ke kira mentalis, ita ma tagwaye ce. Tana tasowa daga ƙarƙashin haƙoran gaba na ƙasa, ta gangaro ta kama fatar haɓa ta ciki. Ita ce take tura leɓen ƙasa sama, ita ce kuma take yamutsa haɓar yaro idan ya turo baki zai yi kuka. Idan akwai rata tsakanin tagwayen nan, sai fata ta lotsa cikin ratar, wani lokaci ta ɗaure da ƙashi da zaren nama mai tauri.

Ke nan tsaga tana iya kasancewa a hawa uku: a ƙashi, a tsoka, ko a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta. Yawanci haɗin biyu ne ko ukun gaba ɗaya. Sanin wane hawa ne ya fi laifi shi ne rabin aikin, don wanda ya goge ƙashi alhali tsagar a tsoka take, zai ɗinke baki ya tarar da ita tana nan daram.

Ana iya yin gwajin farko a gida. A danna yatsa cikin tsagar a motsa shi dama da hagu. Idan an ji tudu biyu masu tauri da kwari tsakaninsu, ƙashi yana da hannu. Sannan a tura leɓen ƙasa sama da ƙarfi ana kallon madubi. Idan tsagar ta ƙara zurfi, tsoka tana ciki. A ƙarshe a tsunkuli fatar wurin a ɗaga. Idan ta ƙi tasowa, a ɗaure take ta ciki.

An daɗe ana koya wa ɗalibai a makarantu cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce take kawo tsagar haɓa, wai in iyaye biyu ba su da ita ɗansu ba zai samu ba. Wannan ba haka ba ne, kuma kada wani ya zargi matarsa a kansa. Gado yana ciki, amma ƙwayoyi da dama ne suke haɗuwa, shi ya sa ake samun tsagar hawa-hawa, daga wadda da ƙyar ake gani zuwa mai zurfi. Wani bincike da aka yi a Jamus a 1939 ya same ta a kashi 9.6 cikin 100 na maza da kashi 4.5 na mata. A Indiya an auna al'ummomi daban-daban, aka samu daga kashi 4 har zuwa 71. Ta fi yawa a maza, gaskiya ne, amma mata miliyoyi suna da ita.

Ko kyanta ma ya danganta da idon mai kallo. Finafinan Amurka sun ɗaura ta a wuyan jarumai maza irin su Kirk Douglas da John Travolta, har wasu maza suna biyan kuɗi a yanka musu ita. Amma Ava Gardner, wadda aka lissafa cikin kyawawan matan zamaninta, tana da ita, haka ma Sandra Bullock. Mawaƙan Farisa na dā sun sha kwatanta loɓar haɓar masoyiya da rijiyar da mai so yake faɗawa ciki. Lamarin dai kamar na wushirya ne: a wajenmu ado ce, a wata ƙasa kuɗi ake biya a toshe ta.

Abin da ido yake karantawa

A lokacin balaga, sinadarin testosteron yana ƙara wa ƙashin fuska girma da kauri. A haɓa abu uku ke faruwa. Tana ƙara tsawo daga leɓe zuwa ƙasa. Tana ƙara faɗi. Sannan tudu biyu suna fitowa a gefenta na dama da na hagu, su ba ta siffa mai kusurwa huɗu. Haɓar mace galibi ta fi gajarta, kuma tana tsukewa zuwa wuri ɗaya a tsakiya. A ma'aunin da likitocin muƙamuƙi suka saba amfani da shi, daga bakin haƙorin gaba na ƙasa zuwa ƙarshen ƙashin haɓa kusan milimita 44 ne a namiji, 40 a mace. Milimita 4 kacal, amma ido yana gane su daga nesa.

To, tsaga a kan faffaɗar haɓa mai tudu biyu tana ƙara fito da tudun, sai fuskar ta ƙara tauri. Tsagar nan kuwa a kan gajeriyar haɓa mai tsini ba komai ba ce illa loɓa. Shi ya sa na ce a fara duba ƙashi.

Wanda ya fara mayar da wannan ilimi sana'a shi ne Douglas Ousterhout, likitan tiyatar fuska da ƙoƙon kai a San Faransisko. A 1982 wani abokin aikinsa, Darrell Pratt, ya zo masa da buƙatar wata majinyaciya da take so a gyara mata fuska. Ousterhout ya koma littattafan masana ƙasusuwan ɗan Adam, ya auna ɗaruruwan ƙoƙon kai, ya fitar da wuraren da fuskar namiji da ta mace suka fi bambanta. A 1987 ya buga bayanin yadda ake gyaran goshi, kuma rabon da ya yi wa ire-iren goshi har yau da shi ake aiki. Daga nan aikin ya bazu: ƙwararru a wasu biranen Amurka, cibiyar Facialteam a Marbeya ta ƙasar Sifaniya, asibitocin Bankok, da likitocin Koriya ta Kudu da suka shahara wajen tsuke muƙamuƙi.

FFS ba tiyata ɗaya ba ce, tarin ayyuka ne da ake zaɓa gwargwadon fuska: rage tudun goshi da ke saman ido, sauko da layin gashi, gyaran hanci, ɗaga leɓen sama, aske kusurwar muƙamuƙi, rage zakaran wuya, sai haɓa. Likitoci da yawa suna ganin goshi da gira sun fi kowane wuri nauyi wajen yadda ake karanta fuska. Wadda ta zo da kukan haɓa kaɗai, ba mamaki a ce mata ta ɗaga ido sama tukuna.

Akwai wani abu da ya shafi baƙar fata kai-tsaye. Waɗannan ma'aunai yawancinsu daga fuskokin Turawa aka ɗebo su. Mutanen Afirka da yawa suna da leɓɓa masu kauri da haƙoran da suka ɗan turo gaba, abin da yake sa haɓa ta yi kamar ta shige ciki ko da ƙashinta daidai yake. Likitan da ya ɗauki lambar littafi ya ɗora a irin wannan fuska ba tare da ya dubi leɓe da hanci ba, zai fitar da haɓar da ba ta mai ita ba.

Kafin a kai ga wuƙa

Maganin homon, wato istrojin da magungunan da ke danne testosteron, ba ya rage ƙashin da ya riga ya gama girma. Abin da yake sauyawa fata ce da kitse. Fata tana laushi, kumatu suna cika. Sauyin yana farawa cikin wata 3 zuwa 6, ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Don haka likitoci da dama suke so a yi aƙalla shekara guda a kan maganin kafin a yanke shawarar abin da za a yi wa naman fuska. Tsaga mara zurfi tana iya raguwa da kanta.

Sai gemu, wanda homon ba ya kashewa. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa: reza ba ta shiga cikin tsaga sosai, gashin da ya rage a kwarin yana yin duhu, duhun kuma yana ninka zurfin tsagar a ido. Bayan an cire gashin da hasken leza ko da allurar lantarki, sau da yawa sai a ga rabin matsalar ta tafi. Mai baƙar fata ta kula da irin na'urar. Lezar da aka fi amincewa da ita a fata mai duhu ita ce Nd:YAG, don sauran suna iya ƙona fata su bar tabo fari ko baƙi. Kwalliya ma tana aiki, tunda tsaga inuwa ce: ɗan ɗigon hoda mai haske a cikin kwarin yana dushe ta.

Idan duk da haka ana son ci gaba, sai hoto. Ba na waya ba, hoton ƙashi na CT, wanda yake nuna kaurin ƙashin, tsawon saiwar haƙora, da hanyar da jijiya ta bi. A manyan cibiyoyi ana zana yankan a kwamfuta, har a buga wani ɗan ma'auni da za a ɗora a kan ƙashin ranar tiyata don zarto ya bi. A duba haƙora kuma. Idan cizon ne ba daidai ba, wato muƙamuƙin gaba ɗaya ya yi gaba ko baya, gyaran haɓa kaɗai rufa-rufa ne, wani aikin daban ake buƙata.

Allura uku

Wadda haɓarta ba ta da tsawo ko faɗi, tsagar ce kawai ba ta so, ba ta buƙatar a taɓa mata ƙashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce cika kwarin da wani sinadari mai yauƙi, hayaluronik asid. Aikin mintuna ne, sau da yawa bai kai mililita 1 ba, kuma yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara 1 da rabi kafin jiki ya shanye shi. Babban alfanunsa shi ne ana iya warware shi. Akwai wata allura, hayaluronides, da take narkar da shi idan ba a so. A ganina duk mai shakka da wannan ya kamata ta fara, ta zauna da haɓar da ba tsaga na wasu watanni, ta ga ko abin da take nema ke nan. Idan fatar a ɗaure take ta ciki, likita yakan fara zura bakin allura ya tsinke zaren da ya riƙe ta, in ba haka ba sinadarin zai zame gefe biyu ya ƙara wa tudun girma, tsagar ta fi dā fitowa.

Sauƙin aikin bai sa ya zama na kowa ba. Akwai jijiyoyin jini a haɓa, kuma idan sinadarin ya shiga ɗaya ya toshe ta, fata tana iya mutuwa, har harshe ma yana iya shafuwa. Alamun su ne zafi mai tsanani, fata ta yi fari fat ko ta yi dabbare-dabbare. Maganin shi ne a narkar da shi cikin awoyi kaɗan. Wanda ba shi da allurar narkarwa a ɗakinsa bai cancanci ya riƙe ta cikawa ba. Ruwan silikon kuwa, wanda 'yan bayan fage suke ɗura wa mutane a ɗakunan otal da shagunan kwalliya, a guje shi ko kyauta ne. Ba ya narkewa, yana yawo cikin nama, yana yin ƙulli mai tauri bayan shekaru, kuma fitar da shi sai an yanko har da naman.

Ta biyu Botox ce, wadda take sassauta tsokar mentalis na wata 3 zuwa 4. Tana da kyau ga haɓar da take yamutsewa, amma tsaga ta ainihi kaɗan take rage ta. In aka yi ta ba daidai ba, ta taɓa tsokar da ke ja da leɓe ƙasa, sai murmushi ya karkace na makonni.

Ta uku kitsen mutum ne da kansa. A zuƙo daga ciki ko cinya, a tace, a ɗura. Wani kaso yana narkewa, wani lokaci har rabi, don haka akan maimaita. Wanda ya kama kuwa ya zauna ke nan.

Yadda ake yanka ƙashin

Tiyatar haɓa ta girmi FFS. Otto Hofer ya bayyana ta a 1942, ta hanyar yanka daga waje. A 1957 Richard Trauner da Hugo Obwegeser suka nuna yadda ake yin ta ta cikin baki, kuma wannan hanyar ake bi har yau. Ga mai baƙar fata wannan ba ƙaramin alheri ba ne, tunda tabo mai tudu, wanda ake kira kiloyid, ya fi kama fatarmu, kuma ƙarƙashin haɓa yana cikin wuraren da yake so.

Bayan an sa majinyaciya barci, likita zai janyo leɓen ƙasa, ya yi allurar da ke rage zubar jini, ya yanka a cikin kwarin da ke tsakanin leɓe da dasashi, kusan daga fiƙa zuwa fiƙa. Ba ya yin yankan dab da dasashi. Yana barin ɗan gezar tsoka manne da ƙashi ta sama, don a nan zai kama ya ɗinke idan ya gama. Sai ya ɗaye nama daga gaban ƙashin a hankali, yana neman ƙofofi biyu ƙanana, ɗaya a kowane gefe, ƙasa da haƙori na huɗu ko na biyar in aka ƙirgo daga tsakiya. Ta nan wata farar jijiya siririya take fitowa, ita ce take ba leɓen ƙasa da fatar haɓa ji. Duk aikin a kan kare wannan jijiya yake tafiya. Kafin ta fito tana ɗan lanƙwasa a cikin ƙashi, shi ya sa ake barin aƙalla milimita 5 tsakanin ƙofar da layin yanka, da kwatankwacin haka tsakanin layin da saiwar haƙora.

Kafin zarto ya taɓa ƙashi, likita zai ja wani ɗan layi a tsaye a tsakiya, don idan ɓarin ya rabu ya san inda tsakiyar fuska take. Sannan ya yi yanka a kwance daga gefe zuwa gefe. Wasu suna amfani da ƙaramin zarto mai karkarwa, wasu da na'urar da ke yanka ƙashi da girgiza mai sauri ba ta cin nama. Ɓarin ƙasa zai saki, amma ba a fitar da shi. Ana barin sa rataye da tsokar da ke bayansa, don ta nan yake samun jini. Ɓarin da aka ɗaye tas yana iya mutuwa ko ya zaizaye.

Daga nan sai abin da aka tsara. In ana son rage tsawo, a yi yanka na biyu a kwance, a zare siririn yanki na 'yan milimita, a ɗago ɓarin ƙasa ya haɗu da na sama. In ana son rage faɗi, a yi yanka biyu a tsaye a cikin ɓarin, a cire guntun tsakiya, a matso da dama da hagu su haɗe. Layukan yankan suna ba da siffar harafin T. A lura da abin da ya faru a nan: guntun da aka cire shi ne ainihin inda gurbin tsaga yake, tudun nan biyu kuma sun zama ɗaya. Tsagar ƙashi ta tafi ba tare da an nufe ta ba. Sau da yawa akan ɗan turo ɓarin gaba, don ƙashi ya ragu amma fata tana nan yadda take, turowar ce take ɗame ta. A ƙarshe a ɗaure komai da ɗan ƙarfen titaniyam da ƙananan kusoshi masu murɗi, waɗanda yawanci ake bari har abada.

Da sauran rina a kaba. Haɓa ta tsuke, muƙamuƙin da ke bayanta bai tsuke ba, don haka a mahaɗar akwai ɗan mataki da yatsa zai ji, ido ma ya gani. Dole a goge shi, wani lokaci a bi gefen muƙamuƙin har kusurwar da ke ƙasan kunne. Haɓa mai tsini a kan faffaɗan muƙamuƙi alama ce ta aikin da aka bari rabi.

Sai tsagar nama. Ƙashi ya gyaru ba ya nufin ta tafi, hasali ma naman da ya taru a tsakiya yana iya ƙara ninke ta. Likita zai saki fatar daga ciki, ya haɗa tagwayen tsoka da ɗinki, in ya ga dama ya sa ɗan kitse a tsakani. Wadda take son a bar mata 'yar loɓa, a nan ne za a bari, amma sai ta faɗa tun kafin a sa ta barci. Abu na ƙarshe, kuma wanda gaggawa ta fi ɓatawa, shi ne mayar da tsokar mentalis mazauninta. In ba a ɗinke ta da kyau ba, leɓen ƙasa zai sauko haƙora su bayyana, naman haɓa ya zazzago ƙasan ƙashi, miyau ya riƙa zuba. Gyaran wannan ya fi tiyatar farko wuya. Aikin haɓa kaɗai awa 1 zuwa 2 ne. In an haɗa da goshi da hanci da sauransu, yini guda ake yi.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da za a ji ana tallatawa. Ɗaya goge tudun da magagari ba tare da yanka ba. Tana isa idan tudun ƙanana ne, amma in aka zarce, haɓa takan zama dunƙulalliya, nama ya saki. Ɗayar kuma dasa roba a kan ƙashi. Roba ƙari take yi, ba ragi ba, don haka ba kasafai take dacewa da mai neman ƙaramar haɓa ba. Tana kuma iya gocewa, ko ta ci ƙashin da ke ƙarƙashinta a hankali.

Jinya

Taba sigari ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki, ana so a daina ta mako 4 zuwa 6 kafin tiyata, a kuma ci gaba da ƙaurace mata bayanta. Asfirin da magungunan tsinka jini sai an gaya wa likita. Batun dakatar da istrojin saboda gudun daskarewar jini kuwa likitoci sun bambanta, kowace ta bi abin da nata ya ce, kada ta yanke da kanta. Ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon dasashi a magance shi tukuna, tunda yankan a baki yake.

Kumburi yana kai maƙura a kwana na 2 zuwa na 3, kuma fuskar da za a gani a madubi a wannan mako ta fi ta dā girma. Mutane da yawa a nan suke shiga damuwa, suna ganin sun yi asara. Ba a yanke wa haɓa hukunci kafin wata 6, wani lokaci sai shekara ta zagayo. A kwana da kai a sama, a ɗaura bandejin da aka bayar, a ci abinci mai ruwa-ruwa na mako ɗaya ko biyu, a kurkure baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane ci. Zaren ɗinkin narkewa yake yi da kansa. Ƙashi yana kamawa cikin mako 6, kafin nan ba wasan da za a iya bugun fuska.

Sagewar leɓe kusan kowa yana samu, don ko ba a yanke jijiya ba an ja ta. Za a sha shayi ya zubo ba a ji ba. Yawanci ji yana dawowa cikin makonni ko watanni, yana farawa da tsikari da ƙaiƙayi. A wasu ƙalilan wani yanki ba ya dawowa har abada, kuma likitan da ya ce wannan ba ya faruwa a hannunsa bai faɗi gaskiya ba. Zazzaɓi, mugunya, wari ko buɗewar ɗinki suna buƙatar a koma asibiti a ranar. Kumburi a ƙarƙashin harshe da wahalar numfashi kuwa ba ya jiran gari ya waye, jini ne yake taruwa, yana iya toshe maƙogwaro.

Kuɗi da zaɓen likita

Ƙungiyar masana lafiyar masu sauya jinsi ta duniya, WPATH, a ƙa'idojinta na 8 da ta fitar a 2022, ta sa tiyatar fuska cikin ayyukan da ake iya ɗauka a matsayin buƙatar lafiya. Duk da haka hukumar lafiya ta Ingila ba ta saba biyan kuɗinta ba, a Amurka kuma ya danganta da jiha da kamfanin inshora. Cikakken aiki sau da yawa yana haura dala 20,000. Wannan ne yake kora mutane zuwa ƙasashen da suka fi araha, inda akwai ƙwararru na gaske, akwai kuma masu kyan talla kawai. Mai tafiya ta tanadi zaman kwana 10 zuwa 14 kafin ta hau jirgi, ta kuma san wa zai duba ta idan ta koma gida matsala ta taso. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Ke da za ki zauna gaban likita, ki nemi ganin hotunan aikinsa na bayan shekara guda, ba na mako biyu ba, daga gaba da gefe da ƙasa, kuma na masu fata da siffa irin taki. Ki duba leɓen ƙasa a hotunan, ko yana rufe haƙora ba tare da an matse baki ba. Ki tambaye shi a wane hawa tsagarki take, me zai yi wa tsokar, kuma wa zai biya idan aka sake komawa tiyata. Sannan ki ce ya buɗe hoton ƙashinki ya nuna miki inda jijiyar take da milimita nawa zai bari tsakaninta da zarto. In ya kasa nunawa, ki nemi wani likitan.